Yadda Ake Nazarin Aikin Masanin Magungunan Ƙwaƙwalwa da Auna Tasirinsa: Misali Daga Tarihin Arvid Carlsson

Ɗalibin da aka ba aikin rubuta tarihin binciken wani masani a fannin magungunan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da malamin jami'a da aka sa a kwamitin duba ayyukan wani farfesa, da ɗan jaridar da aka ce ya rubuta ta'aziyyar wani babban masani, duk sukan fara da abu ɗaya, wato su buɗe Google Scholar su kwashe lambobi: yawan maƙalolin mutumin, da yawan waɗanda suka ambace su, da abin da ake kira ma'aunin h. Waɗannan lambobi suna da wurinsu, kuma za a zo kansu a gaba, sai dai wanda ya fara da su yakan ƙare da jerin alƙaluma da sunayen lambobin yabo ba tare da ya iya faɗin abin da mutumin ya gano ba. Hanyar da za a bayyana a nan ta fi cin lokaci, domin tana buƙatar a karanta aikin kansa, sannan a bi sawunsa har inda ya tsaya. Za a yi amfani da tarihin Arvid Carlsson, masani ɗan ƙasar Suwidin wanda aka haifa a Uppsala a 1923 kuma ya rasu a Gothenburg a 2018, saboda aikinsa a kan dofamin, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya ƙunshi kusan duk matsalolin da mai irin wannan nazari zai ci karo da su.

Tabbatar da mutumin da jera shekarunsa

Aikin farko shi ne a tabbatar cewa maƙalolin da ake tattarawa na mutum ɗaya ne. Carlsson yana cikin sunayen da suka fi yawa a Suwidin, saboda haka wanda ya rubuta wannan suna da harafin A kaɗai a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na intanet, zai kwaso ayyukan mutane daban-daban a fannonin da ba su da alaƙa da juna. Lambar shaida ta ORCID, wadda ke raba masu suna iri ɗaya, ba ta fara aiki ba sai a 2012, don haka ba ta taimaka wa mai bin tsofaffin ayyuka. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa sunan masanin da na abokan aikinsa na dindindin, kamar Margit Lindqvist da Tor Magnusson da Bertil Waldeck, ko da sunan jami'ar da yake aiki a shekarun da ake nema. A kuma tuna cewa yawancin maƙalolin da aka buga kafin 1975 ba su da taƙaitaccen bayani a PubMed, sai take da sunayen marubuta kawai, wanda ke nufin dole a nemi cikakkiyar maƙalar ta hannun ma'aikacin ɗakin karatu na jami'a.

Bayan haka sai a jera shekarun mutumin a takarda ɗaya, a nemi wurin da alƙiblarsa ta juya. Carlsson ya fara karatun likita a Jami'ar Lund a 1941, ya kammala digirinsa na uku a 1951 da kundi a kan yadda jiki ke sarrafa sinadarin kalsiyam, wanda ba shi da wata alaƙa da ƙwaƙwalwa. Ya zama farfesa a Jami'ar Gothenburg a 1959, ya yi ritaya daga kujerar a 1989, ya karɓi kyautar Nobel a 2000. A tsakanin 1951 da 1959 ne abin ya sauya, kuma idan aka duba sosai za a ga dalilin: daga 1955 zuwa 1956 ya yi watanni biyar a ɗakin gwaje-gwajen masanin magunguna Bernard Brodie da ke Bethesda a jihar Maryland ta Amurka. Kusan kowane masani yana da irin wannan gaɓa, ko wata tafiya, ko sabuwar na'ura, ko haɗuwa da wani malami, kuma wanda bai gano ta ba zai rubuta tarihin kamar mutumin ya san inda za shi tun daga ranar farko.

Sanin abin da aka yarda da shi kafin zuwansa

Ba za a iya auna abin da mutum ya ƙara wa ilimi ba sai an san yadda ya tarar da shi. Wannan mataki ne da ɗalibai suka fi tsallakewa, domin littafin karatu na yau yana gabatar da dofamin a matsayin sanannen sinadari da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, har mai karatu ya ɗauka an daɗe da sanin haka. A tsakiyar shekarun 1950 masana da yawa suna ganin cewa saƙo a cikin ƙwaƙwalwa yana wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya ne ta hanyar lantarki, ko da yake an riga an yarda da rawar sinadarai a jijiyoyin da ke wajen ƙwaƙwalwa. Shi kuwa dofamin, ana ɗaukarsa zango ne kawai a kan hanyar da jiki ke bi wajen ƙera noradirenalin, wani sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, shi kuwa dofamin ba shi da wani aiki na kansa.

Haka kuma ya kamata a san maganin da ake aiki da shi a lokacin, tunda a wannan fanni magani shi ne kayan aikin da ake buɗe sirrin ƙwaƙwalwa da shi. Maganin shi ne risafin, wanda masu bincike na kamfanin Ciba suka tace a 1952 daga saiwar wani tsiro na Indiya mai suna Rauwolfia, kuma aka yi amfani da shi wajen rage hawan jini da kwantar da masu taɓin hankali. Ɗakin Brodie ya nuna cewa risafin yana ƙarar da serotonin, wani sinadari da a yau aka san yana isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, daga ƙwaƙwalwa, kuma sun iya auna haka ne saboda wata sabuwar na'ura mai gano sinadarai ta hanyar hasken da suke fitarwa, wadda Robert Bowman ya ƙera a can. Brodie ya tsaya a kan cewa ta hanyar serotonin ne risafin ke sa dabba ta yi laushi ta daina motsi. Hanya mafi sauƙi ta sanin irin wannan yanayi ita ce a karanta maƙalolin bita guda biyu ko uku da aka buga shekaru kaɗan kafin babban aikin masanin, a lura da abin da suka ɗauka tabbatacce da abin da ba su ma ambata ba.

Karanta maƙalolin asali

Daga nan sai a zaɓi maƙaloli kaɗan, uku zuwa biyar sun isa, a karanta su daga farko har ƙarshe. A kowace maƙala a nemi amsar tambayoyi uku: a kan wace halitta aka yi gwajin, me aka auna da gaske, kuma me marubutan suka ce sakamakon yana nufi. Tazarar da ke tsakanin tambaya ta biyu da ta uku ita ce wurin da ake gane hazaƙar masani ko gaggawarsa.

Da Carlsson ya koma Lund, shi da Nils-Åke Hillarp sun nuna a 1956 cewa risafin yana ƙarar da sinadarin adirenalin da danginsa irin su noradirenalin ma, ba serotonin kaɗai ba. Wannan ya buɗe tambaya: rashin wanne ne ke hana dabbar motsi? Ba za a iya yi wa dabba allurar waɗannan sinadarai kai tsaye a ga amsa ba, domin ba sa iya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, amma sinadaran da jiki ke ƙera su daga gare su suna iya tsallakewa. Saboda haka a gwajin da aka buga a mujallar Nature a 1957, Carlsson da Lindqvist da Magnusson sun ba ɓeraye da zomaye risafin har suka lafe, sannan suka ba wasu sinadarin da ke zama serotonin, wasu kuma suka ba su dofa, wanda ke zama dofamin da noradirenalin. Na farkon bai tayar da dabbobin ba, amma waɗanda aka ba dofa sun farfaɗo cikin ɗan lokaci suka ci gaba da motsi. Maƙalar ba ta wuce shafi ɗaya ba, wanda ya isa gargaɗi ga mai auna aiki da kaurin takarda.

Abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci ga mai nazari. Masu binciken sun zaci noradirenalin ne ya dawo ya tayar da dabbobin, amma da suka auna ƙwaƙwalen sai suka tarar bai dawo yadda aka zata ba. Maimakon su tilasta wa sakamakon ya dace da zatonsu, sai suka ƙirƙiro hanyar auna dofamin shi kansa, kuma a 1958 suka buga a mujallar Science cewa dofamin yana nan a ƙwaƙwalwa da yawan da ya kusa na noradirenalin, risafin yana ƙarar da shi, dofa kuma yana maido shi. A nan akwai tarko ga mai neman maƙalar a intanet, domin takenta bai ƙunshi sunan da muka sani a yau ba, an yi amfani ne da tsohon sunan sinadarin, wato 3-hydroxytyramine. Duk wanda ke bin tsofaffin ayyuka a wannan fanni ya fara tattara tsofaffin sunayen sinadarai da lambobin da kamfanoni ke ba magani kafin a raɗa masa suna. A 1959 ɗalibansa biyu, Åke Bertler da Evald Rosengren, suka nuna cewa mafi yawan dofamin ya taru ne a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira sitirayatum, wanda ke da hannu wajen daidaita motsin jiki, kuma Carlsson ya riga ya faɗa a wani taro a Bethesda a ƙarshen 1958 cewa rashin dofamin na iya zama tushen cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar gaɓoɓi.

Maƙalar 1963 ta Carlsson da Lindqvist tana nuna dalilin da ya sa ba a dogara da abin da wasu suka ce maƙala ta ƙunsa. Ana yawan ambatonta a matsayin wadda ta tabbatar cewa magungunan taɓin hankali suna toshe makarɓan dofamin, wato guraben da ke jikin ƙwayar jijiya inda sinadarin ke sauka ya isar da saƙonsa. Wanda ya karanta ta zai ga cewa abin da aka auna shi ne ƙaruwar ragowar da dofamin da noradirenalin ke bari bayan jiki ya narkar da su, a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka ba magungunan taɓin hankali kulofuromazin ko haloferidol. Daga wannan ne marubutan suka yi hasashen cewa magungunan suna toshe makarɓa, sai ƙwayoyin jijiya su ƙara ƙoƙari don cike giɓin, kuma ba su keɓe dofamin shi kaɗai ba a hasashen nasu. Jacques van Rossum ne ya fito da batun dofamin ƙarara a 1966, sannan a 1975 da 1976 ƙungiyar Philip Seeman a Kanada da ta Solomon Snyder a Amurka suka nuna cewa ƙarfin magani a kan majinyaci yana tafiya daidai da ƙarfin kamun da yake yi wa makarɓan dofamin. Hasashen 1963 ya zama gaskiya, kuma hasashe ne na ƙwararre, amma mai rubuta tarihi ya kira shi hasashe.

Neman waɗanda suka yi aikin tare ko a gefe

Babu wani babban bincike da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai, kuma nazarin da bai ambaci sauran ba ya zama kirari. Hanyar gano su ita ce a duba jerin ayyukan da masanin ya ambata a ƙarshen maƙalarsa, sannan a nemi duk abin da aka buga a kan batun shekara biyu kafin ta da shekara biyu bayanta, har da waɗanda ba da Turanci aka rubuta ba. Wanda ya yi haka a kan dofamin zai tarar da Kathleen Montagu, wadda ta ba da rahoton samun sinadarin a ƙwaƙwalwa a 1957 daga asibitin Runwell na Ingila, kafin maƙalar Science ta fito. Zai tarar da Isamu Sano da abokan aikinsa a Japan, waɗanda suka auna rabuwar dofamin a ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1959. Zai kuma tarar da Oleh Hornykiewicz a Vienna ta ƙasar Ostiriya, wanda shi da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalen mutanen da suka mutu da cutar Parkinson, suka nuna a 1960 cewa dofamin ya ragu ƙwarai a sitirayatum ɗinsu. Sun buga wannan aiki da Jamusanci, abin da ya rage masu karanta shi a farko.

A ra'ayina adalci a nan shi ne a rarrabe aikin kowa da sunansa. Montagu ta nuna cewa sinadarin yana nan, Carlsson ya nuna cewa yana da aiki na kansa kuma ya danganta shi da motsi, Hornykiewicz ya tabbatar da abin a jikin ɗan Adam mai ciwon. Jerin sunayen marubuta ma yana buƙatar hattara. A al'adar yau sunan farko na wanda ya yi yawancin gwajin ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin gwaje-gwaje, amma Carlsson, Lindqvist, Magnusson, Waldeck jeri ne da ya yi daidai da tsarin abjadi, don haka ba za a yanke hukunci daga jerin kaɗai ba.

Yadda masana suka karɓi aikin

Tasiri ba ya zuwa nan take, kuma rahotannin tarurruka su ne wurin da ake ganin gardamar da maƙaloli ke ɓoyewa. A taron da Gidauniyar Ciba ta shirya a Landan a 1960, manyan masana na Ingila, ciki har da Henry Dale da Marthe Vogt da John Gaddum, ba su gamsu da cewa waɗannan sinadarai su ne masu isar da saƙo a ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya sauya ra'ayi shi ne dabarar da Bengt Falck da Hillarp suka fito da ita a 1962, wadda ke sa sinadaran su yi haske a ƙarƙashin madubin ƙara girma, har a gan su a cikin ƙwayoyin jijiya da ido. Gani ya kori ji. Da wannan dabara Annica Dahlström da Kjell Fuxe suka zana taswirar hanyoyin waɗannan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera a 1964, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1960 gardamar ta lafa. Mai nazari ya rubuta shekarar da aka gano abu da shekarar da aka yarda da shi, ya kuma faɗi abin da ya cike tazarar.

Bin sawun aikin zuwa asibiti

Wannan ne ya bambanta masanin magunguna da sauran masana ƙwaƙwalwa, domin a ƙarshe ana tambaya ko wani majinyaci ya amfana. A 1961 Walther Birkmayer da Hornykiewicz suka yi wa masu cutar Parkinson allurar L-dofa, wani nau'in dofa, ta jijiya, aka ga sauƙi mai ban mamaki amma na ɗan lokaci. Shekaru suka wuce ana samun sakamako masu saɓa wa juna, har George Cotzias a Amurka ya nuna a 1967 cewa idan aka ba da dofa ta baki, ana ƙara yawansa a hankali har ya kai adadi mai yawa, sauƙin yana ɗorewa. A shekarun 1970 aka haɗa shi da wani magani, kabidofa ko benserazid, mai hana jiki juya shi zuwa dofamin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, abin da ya rage tashin zuciya da amai. Har yau wannan haɗi shi ne ginshiƙin maganin cutar, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekara goma ke nan tsakanin zomayen Lund da aikin Cotzias, kuma an ratsa ƙasashe uku.

Ba kowane sawu ne ke ƙarewa da nasara ba, kuma mai nazari ya rubuta waɗanda suka tsaya a hanya. A ƙarshen shekarun 1960 Carlsson da abokan aikinsa sun lura cewa wasu magungunan ciwon damuwa na lokacin suna hana ƙwayar jijiya sake tsotse serotonin bayan ta sake shi. Daga nan shi da masanin haɗa sinadarai Hans Corrodi, tare da kamfanin Astra, suka samar da zimelidin, magani na farko da ya shiga kasuwa a cikin rukunin masu toshe wannan tsotsa ta serotonin kaɗai. An fara sayar da shi a 1982, aka janye shi a 1983 bayan wasu da suka sha sun kamu da ciwon Guillain-Barré, mai shanye jijiyoyi. Fuluoksetin na kamfanin Eli Lilly, wanda aka sani da Prozac, ya sami izini a Amurka a ƙarshen 1987 ya kwashe sunan. Wanda ya ƙirga ambato kawai ba zai ga wannan reshe na aikin ba, domin yawancinsa yana cikin takardun mallakar fasaha, waɗanda ake nema a Google Patents ko Espacenet. Ga masanin da ke raye a yau, a ƙara da rumbun ClinicalTrials.gov don ganin ko wani magani da ya fito daga aikinsa ya kai ga gwaji a kan mutane, da matakin da ya tsaya.

Malamai da almajirai

Kamar yadda ake tambayar malamin zaure a wurin wa ya yi karatu kuma su wa suka yi karatu a wurinsa, haka ake bin salsalar masanin kimiyya. Ɗakin Brodie, inda Carlsson ya koyi dabarar awo, shi ne kuma ya horar da Julius Axelrod, wanda ya sami Nobel a 1970, Axelrod ya horar da Solomon Snyder, shi kuma Snyder da ɗalibarsa Candace Pert suka nuna makarɓan sinadaran dangin ofiyam a ƙwaƙwalwa a 1973. Ana gano almajiran masani ta duba kundayen digiri na uku da ya duba, da sunayen da suka fara bayyana a maƙalolinsa sannan daga baya suka riƙa bugawa su kaɗai daga wasu jami'o'i. Abin lura shi ne ko almajiran sun buɗe sababbin tambayoyi ko suna maimaita gwajin malaminsu da wani magani daban. Haka nan a lura cewa Carlsson ya saɓa wa Brodie a kan serotonin cikin shekara biyu da barin ɗakinsa, kuma wannan saɓani shi ne mafarin aikinsa.

Sai a zo kan lambobi

Yanzu ne lambobi za su yi amfani, domin mai nazari ya riga ya san abin da yake aunawa. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, yana nufin cewa mai h na 20 yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. A ɗauko lambar daga rumbu fiye da ɗaya, a rubuta sunan rumbun da ranar da aka duba, domin Google Scholar yana ƙirga kundayen ɗalibai da takardun taro, saboda haka lambarsa takan fi ta sauran rumbunan ƙirga ambato, Scopus da Web of Science. A cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, a kuma kwatanta shi da tsararrakinsa a fanninsa kawai, tunda yawan mujallu da masu bincike a 1960 bai kama ƙafar na yau ba.

Akwai hanyoyi biyu da ƙirga ke ɓatar da mutum. Ta farko ita ce maƙalar da ta koyar da wata dabarar awo takan tara ambato fiye da wadda ta sauya tunani. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 a kan auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, kuma dabara ce mai amfani, amma ba wanda zai ce ta fi duk wani bincike na ƙarni na 20 daraja. Ta biyu ita ce idan gaskiya ta shiga littafin karatu sai a daina ambaton wanda ya gano ta, don haka dubban maƙaloli suna magana a kan dofamin kowace shekara ba tare da sun ambaci aikin 1957 ko na 1958 ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi wasu daga cikin maƙalolin da suka ambaci aikin, kamar ashirin daga shekaru daban-daban, a karanta jimlar da ambaton ya fito a ciki, a ga ko sun gina gwajinsu a kansa ne, ko sun ƙaryata shi, ko sun ambace shi ne don cika al'ada a gabatarwa. Sanarwar San Francisco ta 2012 a kan auna bincike ta yi gargaɗi a kan auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, kuma maƙalar 1963 da aka yi bayani a sama ta fito ne a wata mujalla ta yankin Sikandinebiya, ba a ɗaya daga cikin manyan mujallun duniya ba. Ga masanin zamani, a duba rumbun Retraction Watch ko an taɓa janye wata maƙalarsa, a kuma karanta dalilin janyewar, domin kuskuren da marubuci ya kai ƙarar kansa daban yake da maguɗi.

Lambobin yabo da shekarun ƙarshe

Lambar yabo shaida ce ta ra'ayin wani kwamiti a wani lokaci, kuma tana da dokokinta. Carlsson ya raba kyautar Wolf ta 1979 da Hornykiewicz da Roger Sperry, amma Nobel ta 2000 ya raba ta ne da Paul Greengard da Eric Kandel, a kan yadda saƙo ke gudana a tsarin jijiyoyi. Dokar Nobel ba ta yarda a ba mutum fiye da uku kyauta ɗaya ba, kuma masana fiye da 200 sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna nuna rashin jin daɗinsu da barin Hornykiewicz. Ana rufe bayanan tattaunawar kwamitin har shekara 50, saboda haka duk wanda ya rubuta dalilin zaɓen 2000 a matsayin tabbas yana hasashe ne. Laccar da masani ya gabatar ranar karɓar kyauta da tarihin da ya rubuta da kansa, waɗanda ake samu kyauta a shafin Gidauniyar Nobel, suna da amfani ƙwarai wajen sanin yadda ya yi tunani, amma labari ne daga bakin mai shi bayan shekaru arba'in, don haka a gwada kowace magana da maƙalar da aka buga a lokacin.

Ayyukan da masani ya yi bayan ya yi suna a auna su da ma'aunin da aka auna na farko. Carlsson ya ci gaba da bincike bayan ritaya, ya mai da hankali kan rawar gulutamet, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, a taɓin hankali, da kuma wasu magunguna da ya yi fatan za su daidaita dofamin, su rage shi inda ya yi yawa su ɗaga shi inda ya yi ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, firidofidin, an gwada shi a kan masu cutar Huntington, ciwon gado mai lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma manyan gwaje-gwajen ba su cim ma babban abin da aka sa a gaba ba. Ya kuma yi fice wajen adawa da zuba sinadarin fuloraid, mai kare haƙora daga ruɓewa, a ruwan sha a ƙasarsa, batun da ke wajen fannin da aka ba shi kyauta a kai, kuma hukumomin lafiyar haƙori da dama suna da ra'ayi dabam. A rubutun ƙarshe a ware irin waɗannan a sashe na daban, a bayyana hujjar kowane ɓangare, a kuma nuna a fili wanne ne sakamakon gwaji da aka maimaita a wasu ɗakunan gwaje-gwaje, wanne ne hasashen da ake kan gwadawa, wanne ne kuma ra'ayin mutumin a kan harkar jama'a.